Jarrabawar Iyaye Kafin Ta 'Ya'ya: Yadda Ake Fama Da Fom Ɗin Makarantun Kuɗi A Karewa

Daga wakilinmu na Arewa, Yola

Tun daga watan Janairu har zuwa faɗuwar ruwan farko, duk wanda ya bi titunan Jimeta da Yola zai ga ƙyallayen talla an ɗaure a jikin katangu da turakun lantarki, makarantun sakandare masu zaman kansu suna sanar da jama'a cewa fom ya fito. Makarantun kuɗi ake kiransu, kuma in an zauna hira a kansu, zancen kuɗin ne yake cinye hirar. Abin da ba a cika tattaunawa a kansa ba shi ne fom ɗin kansa, watau takardar nan mai 'yan shafuna da ake saye kafin a rubuta sunan yaro cikin masu jarrabawar shiga. Wanda ya natsu ya karanta ta zai tarar cewa mafi yawan tambayoyin da ke ciki ba yaro ake yi wa ba. Uba ake tambaya, da uwa, da aljihu, da sirrin gida.

Ga masu karatunmu na Agege da Idi Araba da Sabon Badun waɗanda ba su taɓa ƙetare Binuwai ba, Karewa unguwa ce a Jimeta, cikin ƙaramar hukumar Yola ta Arewa. Ta bunƙasa ne bayan da Yola ta zama hedkwatar jihar Gongola a 1976, sa'an nan ta jihar Adamawa a 1991, don haka akasarin mazaunanta ma'aikata ne, da waɗanda suka yi ritaya, da 'yan kasuwa masu rufin asiri. Za ka sami Bafulatani yana maƙwabtaka da Bachama, ga Kilba, ga Higi, ga Margi, ga Chamba, ga Bahaushe da Ibo da Bayarabe, kowa da Hausarsa ta kasuwa. Akwai makarantar sakandare ta gwamnati ta jeka-ka-dawo a unguwar, amma a irin wannan wuri ne makarantun kuɗi suka fi samun kasuwa, domin masu albashi sun fi kowa sanin abin da takarda take jawo wa mutum.

Abin da ban mamaki in an tuna yadda aka faro. A zamanin En'e dogari ne yake bin gida gida yana neman yaran da za a kai makaranta, iyaye kuwa suna ɓoye su a rumbu ko su tura su ruga. Alhaji Atiku Abubakar, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2007, ya sha ba da labarin yadda aka tsare mahaifinsa na 'yan kwanaki a ƙasar Jada saboda ya ƙi sa shi a boko, sai da aka biya tara. Yaron nan da aka kai makaranta da ƙarfin hukuma shi ne daga baya ya kafa Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola tare da makarantar sakandarenta. A cikin rayuwar mutum guda al'amari ya juye: da hukuma ke roƙon uba ya ba da ɗa, yanzu uba ne yake bin layi da kuɗinsa, ana yi masa tambayoyi kafin a yarda a karɓa.

Tsakanin nan an yi shirin ilmin firamare kyauta na 1976 wanda ya cika azuzuwa maƙil, aka yi tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da ya bar makarantun gwamnati ba alli ba benci, aka yi yajin aikin malamai ba adadi. A nan Adamawa Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya ayyana ilmi kyauta a makarantun gwamnati bayan hawansa a 2019, har da ɗaukar nauyin kuɗin jarrabawar WAEC da NECO. Duk da haka uban da ya ga yana da hali bai fasa zuwa sayen fom ba.

Suna da shekara

Tambayar farko ma tana da nata rikici. Fom yana son sunan yaro, da na tsakiya, da sunan iyali, kamar yadda Turawa suke yi. To mu a nan yaro sunansa ne da na ubansa, shi ke nan. Shi ya sa tun zamanin makarantun Midil aka riƙa liƙa wa yara sunan garinsu, aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Yau uba zai rubuta sunan kakan yaro a gurbin sunan iyali a wannan makaranta, alhali a firamare sunansa shi uban aka sa, a katin asibiti kuma Muhammadu ya zama Mohammed. A da wannan ba ya damun kowa. Amma tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta wa duk mai neman shiga jami'a lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma kwamfuta ba ta san alfarma ba. Harafi ɗaya ya saɓa, sai a shiga zirga-zirgar gyara tsakanin kotu da ofishin hukumar katin ɗan ƙasa. Abin da uba ya rubuta cikin gaggawa a ajin farko na sakandare shi zai biyo yaro bayan shekara 6.

Sai ranar haihuwa. A nan ne, a ganina, aka fi yi wa fom ƙarya, kuma ƙaryar iri biyu ce masu karo da juna.

Bisa tsarin 6-3-3-4, yaro zai shiga firamare da shekara 6, ya gama da 12, ya fita sakandare da 18. Makarantun kuɗi da yawa sun daɗe da ture wannan lissafi. Yaro yana aji biyar, wani lokaci ma aji huɗu, sai a sayo masa fom ɗin sakandare, domin uba yana ganin ya rage kuɗin shekara guda ko biyu, ita uwa kuma tana alfaharin ɗanta ya yi tsallake. Yaron da ya shiga sakandare da shekara 9 zai gama da 15. To a watan Yuli na 2024 Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, wanda shi ma ɗan jihar nan ne, ya ce sai mai shekara 18 za a ba gurbin jami'a. Aka yi ta cece-kuce a ƙasa baki ɗaya. Bayan an canza shi a watan Oktoba, wanda ya gaje shi, Dokta Tunji Alausa, ya mai da abin shekara 16. Ko da 16 ɗin, yaron da aka yi wa tsallake zai zauna gida yana jiran shekarunsa su cika, ko kuwa a je a ƙara masa a takarda. Don haka yanzu wasu iyaye tun a fom ɗin farko suke ƙara wa yaro shekara guda.

Wasu kuwa ragewa suke yi. Yaron da ya fara da makarantar allo, ko wanda aka ɗauko daga ƙauye yana da shekara 14, sai a rubuta masa 11. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne: wanda ya haura shekara 30 lokacin gama jami'a ba ya zuwa bautar ƙasa, bankuna da rundunoni suna ƙayyade shekarun ɗauka, aikin gwamnati kuma da shekara 60 ake barinsa ko bayan shekara 35 ana yi. Uba yana hango wa ɗansa ritaya tun bai iya ɗaura ɗamarar wandon makaranta ba.

Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce ya kamata ta raba gardama, kuma tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa. Amma wanda aka haifa a gida, ungozoma ta yanke cibi, sau da yawa ba a kai ga ofis ba, sai ranar da makaranta ta nema a garzaya kotu a yi takardar rantsuwa. Abin da ka faɗa shi magatakarda zai rubuta.

Akwai kuma waɗanda ba laifinsu ba ne. A watan Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Michika, tun kafin nan sun shiga Madagali, a ƙarshen Oktoba kuma suka kama Mubi. Dubban mutane suka kwararo Yola da abin da ke jikinsu kawai, wasu a sansanin Malkohi da na Damare, wasu da yawa a gidajen 'yan'uwa a unguwanni irin su Karewa. Jariran da aka goyo a wannan gudu, da waɗanda aka haifa a hanya, su ne yaran da shekarun shiga sakandarensu suka zo a 'yan shekarun nan. Fom ya ce a kawo takardar haihuwa da katin rigakafi, alhali takardun sun ƙone tare da gidan. Ya ce sunan mahaifi da sana'arsa da lambar wayarsa, alhali wani mahaifin tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mai tsara fom a kwamfuta bai tanadi gurbin wannan amsa ba.

Wa zai biya?

Sana'ar uba, sana'ar uwa, adireshin ofis, sa'an nan tambayar da ta fi su duka nauyi: wane ne zai ɗauki nauyin biyan kuɗin makaranta? Masu makarantu ba su ɓoye dalilinsu. Da kuɗin zangon nan ake biyan malamai da sayen man janareta da abincin 'yan kwana, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya tashi, masu bin makaranta bashi sun ragu, waɗanda makaranta ke bi sun ƙaru. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, mai makaranta kuwa ya san lissafin nan sarai idan ya ga an rubuta ƙaramin ma'aikaci.

Saboda haka kowa yake gyara amsarsa. Mai sayar da kayan miya a babbar kasuwar Jimeta ya zama ɗan kasuwa, mai Keke Napep ya zama mai harkar sufuri, wanda rabonsa da kwangila tun gwamnatin da ta wuce yana nan a ɗan kwangila. Wannan ba ta cutar da kowa sosai. Akwai kuma masu yin akasin haka, attajirin da zai rubuta manomi don kada a sa shi gaba ranar neman gudummawar ginin ɗakin karatu.

Inda matsala take shi ne gurbin mai biya. A gidaje da yawa uwa ce take biya, daga albashinta na koyarwa ko aikin jinya, ko daga adashi, amma don a rufa wa maigida asiri sai a rubuta sunansa. Wani yaron kuma kawunsa ne da ke Ikko ko Fatakwal yake aiko da kuɗin. In zango ya yi nisa ba a biya ba, makaranta lambar da ke fom za ta kira, mutumin da ba shi da ko sisi a maganar ya yi ta ba da haƙuri, wadda ke biya kuwa ba ta sani ba sai ta ga yaro ya dawo gida da hantsi. Haka nan riƙo. A al'adarmu ɗan wa ɗa ne, ba a cewa ɗan riƙo a gabansa, don haka mai riƙo zai rubuta kansa a matsayin uba. Ranar da za a daidaita suna da takardar haihuwa sai magana ta fito, wani lokaci a gaban yaron da bai taɓa sani ba.

Abin da ake ɓoyewa

Shafin lafiya shi ne wanda alƙalami yake tsayawa a kansa. Ana tambayar rukunin jini, da nau'insa, watau AA ne ko AS ko SS, da ko yaro yana da fuka, ko farfaɗiya, ko wani abinci ko magani da jikinsa ba ya karɓa, ko yana fitsarin kwance in ɗan kwana ne. Nan da nan sai a ja layi a rubuta babu.

Ba wai iyaye ba su damu da 'ya'yansu ba ne. Tsoro ne iri biyu. Na farko kada makaranta ta ga SS ta ce gurbi ya cika, domin ba ta son ɗawainiya. Na biyu ya fi zurfi, musamman in yarinya ce: fom a ofis yake kwana, akawu zai gani, malamin aji zai gani, kuma Jimeta duk girmanta ƙauye ce wajen yaɗuwar magana. Uwa tana tunanin ranar da za a zo neman aure a ce ai gidan nan suna da farfaɗiya, ciwon da har yanzu wasu ke danganta shi da iska, suna gudun yawun mai shi, alhali ba a ɗaukarsa.

Amma a dubi abin da ɓoyewar take haifarwa. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan yaran da ake haifa da sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS; in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Watau babu makarantar da za ta ce ba ta da irin yaran nan, sai dai ba ta san su ba. Abin da ke tayar da ciwon kuwa sananne ne: ƙarancin ruwa a jiki, da wahala mai yawa, da sanyi, da zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ya san Yola a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ake nufi da a sa yaro mai SS gudun zagaye fili da rana, ko a ba shi horon yankan ciyawa don ya makara. Da hunturu kuma ga wankan asuba da ruwan sanyi a makarantar kwana, ga ƙurar da ke tayar da fuka. Malamin wasanni bai yi mugunta ba, abin da ke cikin fayil ya bi. In ciwo ya tashi da tsakar dare, matar da ke kula da ɗakin kwana za ta ba da Panadol ta ce a jira safiya, domin a takarda yaron lafiyarsa ƙalau, alhali da ta sani da tuni an nufi Asibitin Ƙwararru.

Laifin bai tsaya kan iyaye kaɗai ba. Makarantar da ta tambayi sirrin lafiyar yaro ba tare da ta faɗi abin da za ta yi da amsar ba, ita ta koya wa iyaye ɓoyewa. Da wuya ka ga fom da aka rubuta a ƙarƙashin shafin cewa wannan bayani ba zai hana ɗaukar yaro ba, kuma ma'aikaciyar jinya ce kaɗai za ta gani. Doka kuwa tana nan. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilmi ba tare da wariya ba. Dokar kare bayanan jama'a ta watan Yuni na 2023 ta sa bayanin lafiya da addini da ƙabila cikin abubuwan da sai an yi taka-tsantsan na musamman wajen tattara su, ta kuma ce bayanin yaro sai da yardar iyayensa ko mai kula da shi. Uban da ya tambayi shugaban makaranta wa zai ga takardar nan, kuma a ina za a ajiye ta, bai yi rashin kunya ba, haƙƙinsa ya nema.

Addini da jiha da ƙaramar hukuma su ma suna cikin fom. A gari irin Jimeta inda masallaci da coci suke kallon juna, tambayar addini tana da amfani, don a san ajin da yaro zai shiga lokacin darasin addini. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba in iyayensa ba su amince ba, ya kuma bar wa ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyinta. Wanda zai kai ɗansa makarantar mishan ko ta Islamiyya, wannan ce gaɓar da zai yi tambaya tun kafin ya biya. Zancen asali kuwa ban ga abin da ya haɗa shi da makarantar kuɗi ba. A kwalejojin Gwamnatin Tarayya ana raba gurabe ne bisa jihohi, don haka dole a tambaya. Amma makarantar da kuɗinka ne zai shigar da kai, me za ta yi da sanin cewa kakan yaron da aka haifa a Karewa daga Gwarzo ya zo ko daga Nnewi? Gado ne kawai aka kwafo daga fom ɗin gwamnati.

Yabon ɗan fari

Manyan makarantu sun shigo da wani sabon salo da suka aro daga makarantun Ingila da Amurka. Ana barin layuka a ce uba ya bayyana halin ɗansa, abin da ya fi ƙwarewa a kai, inda yake da rauni, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan makaranta. A can iyaye sun saba da tallan 'ya'yansu, har akwai masu karɓar kuɗi don su koya musu yadda za su amsa. A nan kuwa an zo ƙasar pulaku. Bafulatanin da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, wanda in an yaba yaron a gabansa sai ya kau da kai ya canza zance, shi aka miƙa wa biro ya rubuta cewa ɗansa haziƙi ne. Bahaushe ma haka, ga alkunya ga tsoron baki. Sai ka ga an rubuta kalma biyu, yana da ladabi, an bar sauran layukan fari fat. Gurbin rauni kuwa ba mai taɓa shi, kada a ce da bakinka ka kashe wa ɗanka kasuwa.

Da yake da Turanci ake amsawa, da yawa sukan kai fom ɗin shagon kwamfuta, ko su ba wani malami a unguwa. Shi kuma yana da amsa guda da ya haddace, yaro mai son karatu ne, yana son ya zama likita, an zaɓi makarantar saboda tarbiyya. Mai duba fom zai karanta wannan amsa sau talatin a yini ɗaya, daga ƙarshe ya daina karantawa. Haka tambayar harshen da ake yi a gida: gidan da Fulatanci ko Bachama ko Hausa ake yi daga safe har dare sai a rubuta Turanci, don kada a raina yaro. Malamin da da ya san gaskiya zai ba shi ƙarin kulawa a zangon farko sai ya ɗauka rashin ƙoƙari ne.

Abin da makaranta ke bukata a layukan nan ba kirari ba ne. Yaro ba ya gani sosai daga bayan aji, ko yana da in'ina in an tsawata masa, ko mahaifiyarsa ta rasu bara bai gama dawowa daidai ba, ko ya sauke Alƙur'ani amma lissafi yana ba shi wuya. Wanda ya fi sanin waɗannan ita ce uwa, ko yayar da ke duba masa aikin gida, amma sau da yawa fom a ofishin uba ake cika shi, ba a kawo shi cikin gida ba sai an zo neman hoton fasfo.

A ƙarshen takarda akwai 'yan layuka da ƙananan haruffa, sama da inda ake sa hannu. Yawanci abu uku suke cewa: duk abin da aka rubuta gaskiya ne, makaranta tana da ikon sallamar yaro in ta gano saɓanin haka, kuma kuɗin da aka biya ba a mayarwa. Makarantu ba su cika waiwayar layukan nan ba muddin ana biya lafiya. Ranar da aka sami saɓani, ko yaro ya faɗi a filin wasa aka fara neman mai laifi, fayil ɗin za a ɗauko, a buɗe shafin da uba ya rubuta babu, a nuna masa sa hannunsa da kwanan wata.